Hanyar Gishiri da Ƙarin Gishiri: Tarken Littafin Raynor Winn

Gabatarwa

Duk mutumin Nijar da ya ji an ce "hanyar gishiri", abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne ayarin raƙuma da ke tashi daga Abzin bayan damina, ya ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, ya sauke hatsi, ya ɗauko kantu da dabino, sannan ya gangaro kasuwannin ƙasar Hausa. Littafin da wannan maƙala za ta tarka yana ɗauke da wannan suna, sai dai gishirinsa na teku ne, wanda iska ke ɗebowa ta shafa wa matafiyi a fata da gashi. The Salt Path, wanda aka fassara zuwa Faransanci da sunan Le Chemin de sel, ya fito a Ingila a shekarar 2018. Marubuciyarsa, Raynor Winn, ta gabatar da shi a matsayin labarin gaskiya na yadda ita da mijinta Moth suka rasa gida, aka ce wa mijin yana da ciwon da ba ya jin magani, suka ɗauki tanti suka bi gaɓar teku da ƙafa har kilomita dubu da ɗoriya.

Littafin ya samu karɓuwar da ba kasafai littafin farko kan samu ba. Ya kai zagayen ƙarshe na gasar Costa da ta Wainwright a 2018, ya ci kyautar Christopher Bland a 2019, an sayar da fiye da kwafi miliyan biyu, an kuma mayar da shi fim. A watan Yuli na 2025 ne jaridar The Observer ta buga wani bincike da ya ce ginshiƙan labarin ba yadda aka faɗe su suke ba. Hausawa na da suna ga abin da ake zargin marubuciyar da shi: ƙarin gishiri. Abin da wannan maƙala ke son aunawa shi ne ƙimar littafin a matsayinsa na adabi, da kuma yawan gishirin da labarin rayuwa zai iya ɗauka kafin miyar ta ƙi shawuwa.

Hanyar da aka bi

South West Coast Path hanyar ƙafa ce mai tsawon mil 630, wato kimanin kilomita 1,014, fiye da nisan Yamai zuwa Damagaram. Ta tashi daga garin Minehead a lardin Somerset, ta bi arewacin Devon da Cornwall, ta zagaya Land's End inda ƙasar Ingila ta ƙare ta wajen yamma, ta bi ta Lizard, sannan ta juyo gabas ta kudancin Devon da Dorset har mashigin Poole. Tsawon ba shi ne babbar wahalarta ba. Ko'ina rafi ya faɗa teku sai hanyar ta gangara har bakin ruwa ta sake hawa tsauni, ta yadda wanda ya kammala ta zai tarar ya hau abin da ya kai mita 35,000 gaba ɗaya, kusan tsayin dutsen Everest sau huɗu. Yawancin masu bin ta a jere kan yi mako bakwai zuwa takwas.

Asalinta hanyar aiki ce. Masu gadin gaɓa ne suka tattake ta a ƙarni na 19 suna sintirin ƴan fasa-ƙwauri, kuma da yake wajibi ne su leƙa kowane lungu da jirgin ruwa zai iya fakewa, sai hanyar ta manne wa bakin tsauni tana bin kowace kwana. An kammala buɗe ta ga jama'a a 1978. Masu karatun Faransanci za su tuna da takwararta ta Bretagne, GR 34, wadda ake kira hanyar ƴan duwan, aka shata ta a 1791, ta kuma zarce kilomita 2,000 daga Mont-Saint-Michel zuwa Saint-Nazaire. Dukansu biyu sun tashi daga hannun ma'aikatan hukuma sun koma hannun masu yawon buɗe ido.

Wannan tarihi yana da nasaba da jigon littafin. Ga Bahaushe, doguwar tafiyar ƙasa tana da dalili: fatauci, ko ci-rani, ko neman ilimi, ko aikin hajji irin na mutanen da suka bi ta Cadi da Sudan shekara da shekaru. A Ingila ta yau kuwa, tafiyar ƙasa da jaka a baya nishaɗi ne na mai gida da albashi, wanda ya san ranar komawarsa. Littafin Winn ya ɗora mutum biyu marasa wurin komawa a kan hanyar masu nishaɗi, kuma daga wannan saɓani ne mafi yawan ƙarfinsa ya fito.

Labarin a taƙaice

Kamar yadda littafin ya faɗa, a shekarar 2013 Raynor tana da shekara 50, Moth yana da 53. Suna da gida da gona a ƙasar Wales, waɗanda suka gyara da hannunsu, suka raini ƴaƴansu biyu a ciki. Moth ya zuba kuɗi a kamfanin wani abokinsa na ƙuruciya, kamfanin ya durƙushe, aka ɗora musu bashi. Ba su da kuɗin lauya, suka kare kansu a kotu, alƙali ya ƙi karɓar takardar da suke ganin za ta wanke su saboda ba a shigar da ita bisa ƙa'ida ba, aka ƙwace gidan. Cikin kwanakin nan kuma likita ya shaida wa Moth cewa yana da cutar ƙwaƙwalwa da ake taƙaita sunanta da CBD, wadda ke kashe motsin jiki sannu a hankali. Suna ɓoye a ƙarƙashin matakala, ma'aikatan kotu na buga ƙofa, sai idon Raynor ya faɗa kan wani tsohon littafi na mutumin da ya bi wannan hanya da karensa. Nan ta yanke shawara su tafi.

Sun tashi daga Minehead a watan Agusta da tanti mai araha, da jakunkunan barci marasa kauri, da tallafin gwamnati na fam 48 a mako, kimanin jika 37 na kuɗin sefa a lokacin, wanda a Ingila bai wuce kuɗin abincin ƴan kwanaki ba. Sun wuce Land's End, hunturu ya tsayar da su, suka fake wajen wata ƙawa suna aiki a bakin masauki. Da bazara ta dawo suka koma, wannan karo daga Poole suka yi yamma, suka ƙare a ƙauyen Polruan, inda wata mata ta ba su hayar ɗaki, Moth kuma ya shiga jami'a. A tsawon tafiyar, in ji littafin, jikin Moth ƙara ƙarfi ya yi ta yi.

Inda littafin ya yi ƙarfi

Abu na farko da ya wajaba a yaba wa Winn shi ne yadda ta rubuta jiki. Adabin tafiyar ƙasa na Turai ya saba da marubucin da ƙafarsa ke tafiya hankalinsa na cikin littattafan da ya karanta. A nan kuwa mai karatu yana tare da kantar ƙafa, da hancin da rana ta ƙona yana saɓa, da tufafin da ba a wanke ba, da sanyin asuba da ke ratsa jakar barci. Lissafin kuɗi ya zama wani ɓangare na zubin labarin: taliyar leda safe da yamma, roƙon ruwan zafi a shagon shayi domin a jiƙa ganye ɗaya mutum biyu su sha, tsayawa gaban na'urar banki ana fargabar ko tallafin ya shigo. Wanda ya taɓa ƙidaya guzuri a hanya zai gane cewa marubuciyar ta san yunwa tana da jadawali, kuma tana sauya halin mutum.

Na biyu shi ne tanti. A Ingila da Wales doka ba ta ba kowa damar kafa tanti a fili ba sai da izinin mai ƙasa. Wani yanki na Dartmoor ne kaɗai ya fita daga wannan hukunci, kuma sai da Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a watan Mayu na 2025 bayan wani mai fili ya kai ƙara. Scotland ce ta buɗe wannan ƙofa da dokarta ta 2003. Saboda haka Raynor da Moth ba sa kafa tanti sai magariba ta yi, kuma suna naɗe shi kafin masu yawo da karnuka su fito. Kowace yamma tambayar ɗaya ce: ina za a kwana? Littafin ya buɗe da ɗaya daga cikin waɗannan darare, inda suka yi zango a bakin ruwa a Portheras, teku ta ciko cikin duhu, Moth ya ɗaga tantin sama yana gudu a kan rairayi. Fage ne da aka gina da kyau, domin a lokaci guda ya nuna rashin tabbas na mai kwanan waje da kuma jigon dawowar ƙarfin mijin.

Na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne abin da littafin ya gano game da idon jama'a. In suka ce wa mutane sun sayar da gida sun fito yawon duniya, sai a yi ta yaba musu, ana cewa sun yi jarunta. In suka ce an ƙwace gidan, ba su da wurin kwana, sai a ja da baya, a janye yara, hira ta mutu. Jakar ita ce, tantin shi ne, dauɗar ma ita ce, kalma ɗaya kawai ta canja. Winn ta danganta wannan da dokar 1824 wadda ta mayar da kwanan titi laifi, dokar da aka kafa bayan yaƙe-yaƙen Napoleon, lokacin da sojojin da aka sallama suka cika garuruwa ba aiki. Ta kuma nuna ɗaya fuskar Cornwall wadda katin gaisuwa ba ya ɗauka: ƙauyukan masunta da attajiran birni suka saye gidajensu don hutu, da ma'aikatan da ke yi wa baƙi hidima da rana su kwana a daji ko a cikin mota da dare.

Akwai kuma raha. Moth yana ɗauke da tsohuwar waƙar Beowulf a fassarar Seamus Heaney, kuma a garuruwa da dama mutane sun ɗauke shi a matsayin mawaƙi Simon Armitage, wanda shi ma ya bi wani sashe na hanyar a 2013 yana karanta waƙoƙinsa a bakin abinci da masauki. Wannan ruɗani ya sa an karrama su a inda da an kore su, har Moth ya karanta Beowulf a titin St Ives aka tara musu kuɗi. Darasin ya dace da jigon: karamcin da ake yi wa baƙo ya danganta da sunan da aka ɗauka yana da shi. Bayan 2025 wannan raha ta samu wata ma'ana da marubuciyar ba ta nufa ba.

Inda ya yi rauni

Tun kafin wani bincike, mai karatu mai lura zai ga wurare uku da ginin ke da tsaga. Na farko shi ne mafarin labarin. Marubuciyar da ke iya faɗin kuɗin da ya rage a aljihu har zuwa ƙwandala ta ƙarshe, sai ga shi ta bi ta kan shari'ar da ta cinye gidanta cikin ƴan shafuka, ba adadi, ba bayanin yadda zuba jari ya zama bashi. Inda labari ya fi buƙatar haske nan ya fi duhu.

Na biyu shi ne rabon laifi. A cikin littafin, sharri kullum daga waje yake zuwa: aboki maci amana, alƙali mai taurin kai, ma'aikacin hukuma marar tausayi, mai shago mai rowa. Taurarin biyu ba su da alhakin komai sai yarda da mutane. Ko inda Raynor ta faɗi cewa ta ɗauki alewa a shago ba ta biya ba, ko sun kwana a filin zango na kuɗi sun sulale da asuba, an tsara fagen ne ta yadda mai karatu zai yafe tun kafin a nemi gafara. Tarihin rayuwa mai ƙarfi yakan tuhumi mai shi. Wannan bai taɓa yin haka ba.

Na uku shi ne yadda labarin ke karkata zuwa tatsuniya. Baƙi kan ɓullo a kan hanya su faɗi magana mai kama da duba su ɓace. Wani ya yi wa Moth albishir a farkon tafiya cewa zai yi tafiya tare da kunkuru, can wajen ƙarshe kuwa sai ga mutum yana jan kunkuru da igiya. Zubin gaba ɗaya na tatsuniya ne: marasa laifi sun faɗa masifa, sun shiga daji, sun sha gwaji, wata mai alheri ta ba su ɗaki. Wannan zubi ne ya sa littafin ya yi daɗin karantawa, shi ne kuma ya kamata ya sa editocinsa su yi tambaya.

Binciken 2025 da amsar marubuciyar

Rahoton da ƴar jarida Chloe Hadjimatheou ta buga a The Observer ya ɗora zargi uku. Na ɗaya, cewa asalin rasa gidan shi ne an tuhumi marubuciyar da karkatar da kimanin fam 64,000 daga wurin da take aikin riƙe lissafi a arewacin Wales, ta ci bashin fam 100,000 daga wani ɗan'uwa don a sasanta, aka jinginar da gidan, daga baya masu bin bashi suka ƙwace shi. Na biyu, cewa ma'auratan sun mallaki wani fili da gini a kudu maso yammacin Faransa a lokacin da littafin ke cewa ba su da ko'ina. Na uku, cewa likitocin ƙwaƙwalwa da jaridar ta tuntuɓa sun yi shakkar mai CBD ya rayu fiye da shekara goma sha biyu yana doguwar tafiya, alhali masu wannan cuta galibi shekara shida zuwa takwas suke yi bayan bayyanar alamunta.

Winn ta musanta. Ta ce rahoton ya yi mata rashin adalci kuma yana ɓatar da mai karatu. Ta amsa cewa ta yi kurakurai a wurin aikin nan kuma ta yi nadama, amma ta ce an sasanta, ba a gurfanar da ita ba, kuma ba wannan ce shari'ar da littafin ya kawo ba. Ta ce ginin Faransa kango ne da ba ya zaunuwa. Ta kuma wallafa wasiƙun asibiti da ke ambaton alamun wannan ciwo, tare da bayanin cewa nasa mai tafiyar hawainiya ne, ba irin wanda aka saba gani ba. Adalci ya wajabta a ƙara da cewa ita CBD ba a tabbatar da ita sarai sai an duba ƙwaƙwalwa bayan mutuwa, shi ya sa likitoci kan yi magana a kan alamu kawai, kuma ba wanda ya isa ya yanke hukunci kan lafiyar mutumin da bai duba ba. Duk da haka ƙungiyar PSPA mai tallafa wa masu wannan ciwo a Birtaniya ta yanke hulɗa da ma'auratan, kamfanin Penguin kuma ya ɗage fitar da littafinta na huɗu da aka shirya a watan Oktoba na 2025.

Sharhin adabi ba kotu ba ne, kuma ba aikinsa ne ya raba gardamar ba. Abin da ya ishe shi shi ne abin da marubuciyar da kanta ta amsa: akwai rikicin kuɗi da ya shafi aikinta, akwai kuma fili a Faransa, kuma babu ko ɗaya a cikin littafin.

Alkawarin mai ba da labari

Masanin adabi Bafaranshe Philippe Lejeune ya bayyana a littafinsa Le Pacte autobiographique na 1975 cewa abin da ya raba tarihin kai da ƙagaggen labari yarjejeniya ce: marubuci ya yi alkawarin cewa shi ne mai magana, shi ne kuma wanda ake magana a kansa, kuma yana ƙoƙarin faɗin abin da ya faru. Hausawa sun san wannan rabe-rabe tun kafin a rubuta shi. Mai tatsuniya yana rufewa da cewa ba don gizo ba da ya yi ƙarya, wato ya sanar da masu sauraro irin kayan da ya sayar musu. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja, wanda aka buga a 1934, ya zagaya duniya yana shirga abubuwan da hankali ba zai ɗauka ba, ba wanda ya ce an yaudare shi. Amma Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da ya bi Heinrich Barth har Landan a 1855, da ya ba da labarin abin da ya gani, matsayin shaida ya ɗauka, kuma har yau masana tarihi a wannan matsayi suke karanta shi. Labari da tatsuniya kowanne da ma'auninsa.

Masu kare littafin suna da hujjar da ba a raina ta. Suna cewa duk tarihin rayuwa zaɓe ne, ba mai iya faɗin komai, tunani yana gyara abin da ya wuce, kuma kowa na da ƴancin rufa wa kansa asiri. Suna ƙarawa da cewa zargin farko bai shafi tafiyar kanta ba, kuma kyawun siffanta teku da tsaunuka bai ragu ba don an gano wani bashi. Wannan gaskiya ne gwargwado. Ba a kwatanta lamarin Winn da na Misha Defonseca, wadda littafinta Survivre avec les loups na 1997 ya ce ta ratsa Turai da ƙafa tana yarinya tare da kyarketai, sannan a 2008 ta amsa cewa ƙage ne tun daga tushe. Sauya sunaye, haɗa kwana biyu su zama ɗaya, gyara zancen da aka yi shekara biyar da suka wuce, duk wannan gishiri ne da miya ke ɗauka, kuma mai karatu ya san da shi.

Amma akwai bambanci tsakanin abin da aka bari don ba shi da muhimmanci da abin da aka bari don in an faɗe shi labarin zai rushe. Tausayin da littafin ke nema ya dogara ne kacokan a kan cewa waɗannan mutane an zalunce su kuma ba su da mafita. Da wannan tausayi aka sayi littafin, da shi aka ba shi kyauta. Kwatanci da Sylvain Tesson yana da amfani a nan. Littafinsa Sur les chemins noirs na 2016 shi ma labarin mutum ne da ya nemi lafiya ta hanyar ratsa Faransa da ƙafa, bayan faɗowar da ya yi daga saman wani gida a Chamonix a 2014. Tesson bai ɓoye cewa ya sha giya kuma gangancinsa ne ya jefa shi ba. Ana iya ƙin ra'ayoyinsa, amma ya shigar da laifinsa cikin labarin, labarin kuma ya ƙaru da shi. Da Winn ta rubuta labarin matar da kuskurenta yana cikin abin da ya jawo asarar gida, take tafe a bayan mijinta marar lafiya da wannan nauyi a zuciya, da littafin ya fi wanda aka buga zurfi nesa ba kusa ba. Ke nan ɓoyon ya cuci adabin kansa, ba amanar mai karatu kaɗai ba.

Sannan akwai waɗanda ke biyan kuɗin wannan gishiri. Na farko marasa lafiya. Littafin, da ɗaya daga cikin waɗanda suka biyo bayansa, na 2022 mai suna Landlines, inda aka ce hoton ƙwaƙwalwar Moth ya nuna sauƙi bayan tafiyar mil dubu daga arewacin Scotland, sun sa a ran mai karatu cewa tafiya da iskar teku na iya mayar da cutar baya. Motsa jiki yana taimaka wa masu irin waɗannan cututtuka, amma ilimin likita bai san abin da ke warkar da CBD ba. Iyalin da ke jinyar wanda ba ya iya ɗaga cokali, in suka karanta wannan, ko dai su ɗauki begen da ba shi da tushe, ko su zargi kansu da gazawa. Na biyu marasa gida na haƙiƙa, waɗanda jarinsu ɗaya shi ne a yarda da maganarsu. Littafin da ya koya wa miliyoyin mutane kada su yi wa mai kwanan waje mummunan zato, yanzu ya zama hujja a hannun masu wannan zato.

Kamfanin buga littafin ma yana da nasa kaso. Penguin ya ce ya yi binciken da ya kamata, kuma kwangilarsa ta ɗora wa marubuciya alhakin gaskiyar abin da ta rubuta. Wannan ya nuna yadda kasuwar take: kalmar "labarin gaskiya" tana sayar da littafi, amma ba a ɗaukar nauyin tantance ta kamar yadda jarida ke yi.

Fim ɗin

Fim ɗin da Marianne Elliott ta shirya, wanda aka fara nunawa a bikin Toronto a 2024 ya kuma shiga gidajen silima na Birtaniya a ƙarshen Mayu na 2025, ya gaji ƙarfin littafin da rauninsa. Gillian Anderson da Jason Isaacs sun fito da gajiya da shaƙuwar tsofaffin ma'aurata ba tare da yawan magana ba, hotunan Hélène Louvart kuma sun ba teku da iska haƙƙinsu. Sai dai kyamara ba ta jin wari kuma ba ta jin yunwa, don haka talaucin ya fito da tsabta fiye da yadda yake a rubuce, shari'ar kuma ta ƙara shiga duhu.

Kammalawa

The Salt Path littafi ne da ya iya siffanta hanya, da zango, da idon da jama'a ke kallon wanda ba shi da gida. Shafukansa a kan waɗannan abubuwa suna nan da ƙimarsu, kuma wanda ke son sanin yadda dokar ƙasa da kasuwar gidaje ke aiki a gaɓar Ingila zai ƙaru da su. A matsayin shaida kuwa, abin da marubuciyar ta amsa da bakinta ya isa ya sa a karanta shi da taka-tsantsan, musamman abin da ya shafi ciwo da waraka. Da an rubuta "ƙagaggen labari" a bangonsa, da babu mai tuhumarsa da komai sai sauƙin zubi.

Lamarin yana da amfani ga marubutan Hausa da ke juyowa ga tarihin rayuwa da labarin tafiya, ko na ci-rani, ko na hijira, ko na ratsa hamada. Irin wannan rubutu ba shi da abin dogaro sai amanar mai karatu, wanda ba ya nan lokacin da abin ya faru. Marubuci na da damar ya ƙawata zance, ya sakaya suna, ya rufa asirin wasu. Abin da ba shi da dama a kai shi ne ya cire dalilin tafiyar ya sa wani a madadinsa, sannan ya ce labari yake bayarwa.